Labarin Majinyaci: Abin da Katin Asibiti Ba Ya Ɗauka

    

Yau a shirinmu na kiwon lafiya mun ajiye maganar cuta, za mu yi maganar mai cutar. Za mu yi magana a kan labarin majinyaci. Me nake nufi da labarinsa? Sana'arsa. Abin da yake ci, da lokacin da yake samun ci. Abin da yake tsoro. Abin da ya ɗauka shi ne sanadin ciwonsa. Da wanda ke da ta cewa a gidansu. Abin da nake son ku riƙe a yau shi ne, wannan labari yana cikin aikin magani. Likita na iya rubuta magani daidai, amma in bai ji labarin mutum ba, maganin ya tashi a banza.

Za mu fara da yadda labari ke taimaka wa gano ciwo. Sai mu je Amurka mu ji abin da ya sami wata yarinya. Daga nan mu shiga ɗa'ar aikin likita, wato yadda ake yanke abin da ya dace a yi wa marar lafiya. A ƙarshe mu yi maganar amana.

To, bismillah. Kashi na farko: labari da gano ciwo.

Ga misali. Dattijo ne, mai gadi a wani shago, yana fama da hawan jini. Ya yi sammako, ya yanki kati, ya bi layi, har aka kira shi. Aka auna, jini bai sauka ba.

Likita ya ce, "Baba, kana shan maganin kuwa?"

Ya ce, "Ina sha, likita. Kullum."

Ba ƙarya ya yi ba. Kullum yana sha. Sai dai reza yake sawa ya raba ƙwayar biyu, ya sha rabi yau, rabi gobe, don ta kai shi ƙarshen wata. Likita bai sani ba. Sai ya ɗauka maganin ne ya gaza, ya ƙara masa wani da ya fi tsada. Baba ya karɓi takarda, ya yi godiya, ya fita. Ya je kemis, ya ji kuɗin, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Da likita ya ce, "Baba, yaya kake yi da kuɗin maganin nan?" da zancen rezar ya fito. Da an nemi mai sauƙin kuɗi wanda zai iya sha cikakke. Awo ya nuna jini ya hau. Amma dalilin hawan yana bakin Baba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masana sun daɗe da auna wannan. A shekarar 1975, wasu likitoci a Ingila suka bi diddigin sababbin majinyata 80. A cikin 66, an gano ciwon tun daga takardar da aka turo su da ita da kuma bayanin bakinsu, kafin a taɓa jikinsu, kafin a yi gwaji. Ku sake ji: 66 cikin 80.

Amma ana barin majinyaci ya yi bayanin? A 1984, masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, suka naɗi ganawar likita da majinyaci har 74. Suka tarar likita kan katse majinyaci bayan kamar sakan 18 da fara magana. Sakan 18, jama'a. Ko gaisuwa ba mu gamawa a cikinsa. Waɗanda suka samu suka kai ƙarshen bayaninsu ba su kai ɗaya cikin huɗu ba.

Mu dawo gida. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara suka riƙa suma da jijjiga suna mutuwa. Da farko an yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Aka ba da magani, mutuwa ba ta tsaya ba. Sai da aka dubi yadda ake rayuwa a gidajen. Ana kawo duwatsun zinariya cikin gida. Ana daka su a turmi, ana niƙa su a injin niƙa, ƙura na sauka inda yara ke rarrafe. Gwajin jini ya tabbatar gubar dalma ce. Yara aƙalla 400 suka rasu. Gwaji ne ya tabbatar, amma sana'ar gidan ce ta nuna gwajin da za a yi.

Yanzu kashi na biyu. Mu je birnin Merced, a Jihar Kalifoniya ta Amurka. A nan zan ɗan daɗe, don labarin ya cancanci a saurare shi.

A 1982 aka haifi wata yarinya mai suna Lia Lee. Iyayenta 'yan gudun hijira ne daga ƙasar Laos, 'yan ƙabilar Hmong. Ba sa jin Turanci, ba sa karanta shi. Tana wata uku, yayarta ta bugo ƙofa da ƙarfi, jim kaɗan jaririyar ta sanƙare, idanunta suka juye. A wurin likitoci, farfaɗiya ce, wato rikicewar saƙonnin ƙwaƙwalwa. A wurin iyayen, ƙarar ƙofar ce ta firgita kurwarta ta gudu, wani iska ya kama ta. A al'adarsu ma ana ganin mai irin wannan ciwo na iya zama mai baiwa. Mu Hausawa wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Mun san gidaje da yawa da in yaro ya faɗi, iska ake fara ambata kafin asibiti.

Iyayen Lia sun kai ta asibiti. Amma zuwan farko babu tafinta, kuma kafin su isa farfaɗiyar ta lafa. Aka duba ƙirjinta, aka ba da maganin ciwon ƙirji, aka sallame su. Ko bayan an gano farfaɗiyar, ba a fahimci juna ba. Kafin ta kai shekara huɗu da rabi, an kwantar da ita sau 17. An canja mata takardar magani sau 23. Wani na ruwa, wani ƙwaya, wani da safe, wani da dare, duk an rubuta da harshen da iyayen ba sa karantawa. Suka ga wani maganin na sa ta kasala, wani na sa ta fitina. Sai suka riƙa ba da wani, suna barin wani, suna haɗawa da yanka da maganin gargajiyarsu.

A fayil aka rubuta cewa iyaye ba sa bin umarni. A 1985 hukuma ta ƙwace yarinyar daga hannunsu, ta ba wasu riƙo na kusan shekara guda. Ku yi tunanin uwar da ba ta taɓa rabuwa da 'yarta ba, aka ɗauke ta da sunan ceto. Bayan an mayar musu da ita, a ƙarshen 1986, wata babbar farfaɗiya haɗe da cutar da ta shiga jini ta lalata ƙwaƙwalwarta. A lokacin kuwa iyayen na ba ta magani yadda aka ce. Likitoci suka zaci kwanaki kaɗan suka rage mata. Iyalinta suka kai ta gida, suna yi mata wanka, suna ba ta abinci a baki, shekara 26. Ta rasu a 2012. Wata marubuciya, Anne Fadiman, ta rubuta littafi a kan wannan a 1997, kuma ana karantar da shi a makarantun likitanci da dama a Amurka.

Abin da ke taɓa ni a labarin nan shi ne, babu mugu a cikinsa. Likitocin sun yi aiki dare da rana. Iyayen sun so 'yarsu so na gaske. Amma shekaru suka shuɗe ba a zaunar da su an ce, "Ku a ganinku me ya same ta? Me kuke tsoro game da maganin nan?" Ba sai likita ya yarda da maganar iska ba. Amma sai ya san ita ce a zuciyar mai ba da maganin, kafin ya san yadda zai yi masa bayani.

Irin waɗannan tambayoyi wani likita a Jami'ar Harvard, Arthur Kleinman, ya koyar. Ya raba abu biyu. Akwai cutar da ke jiki, wadda gwaji ke gani. Akwai kuma wahalar da mutum ke sha da ita a rayuwarsa, wadda shi kaɗai zai iya faɗa. Matar da ke da yoyon fitsari, likita na ganin ɓular da za a ɗinke. Ita kuwa tana ganin mijin da ya juya baya, da bikin da ta daina zuwa, da tabarmar da ake janyewa in ta zauna. In an ɗinke aka sallame ta ba a ji wannan ba, rabin aiki aka yi.

A shekarar 2000, wata likita mai suna Rita Charon ta kafa wani sashe a Jami'ar Kolombiya da ke New York, don koya wa ɗaliban likitanci sauraron labarin majinyaci. Takan sa su riƙe fayil na biyu. A ciki suke rubuta, da magana ta yau da kullum, abin da suka gani a majinyaci wanda fayil ɗin asibiti ba shi da gurbinsa. Kuma kada mu ɗauka abin na Turawa ne kawai. Abubakar Ar-Razi, babban likitan Bagadaza da ya rasu wajajen 925, yakan rubuta labarin majinyatansa ɗaya bayan ɗaya, yadda ciwo ya fara da yadda ya ƙare. Bayan rasuwarsa aka tattara rubuce-rubucensa a littafin Al-Hawi.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan labarin majinyaci da amfaninsa a asibiti. Mun shigo kashi na uku: ɗa'ar aikin likita.

A 1979, malamai biyu a Amurka, Tom Beauchamp da James Childress, suka tsara ginshiƙai huɗu da ake koyarwa har yau. A mutunta zaɓin majinyaci. Kada a cutar da shi. A yi abin da zai amfane shi. A yi adalci tsakanin marasa lafiya. Ginshiƙai ne masu kyau. Amma wa zai faɗa wa likita mene ne amfani a wurin wannan mutum na gabansa? Yatsa ɗaya da za a yanke, ga tela daban, ga mai tireda daban. Sai labari ya shigo kafin a gane.

Mu shiga ɗakin haihuwa. Mace ta daɗe tana naƙuda. Likita ya duba ya ce sai an yi aiki an ciro yaron. Ta girgiza kai. A fayil kalma biyu za a rubuta: ta ƙi.

Amma sai ungozoma ta jawo kujera, ta sunkuyo, ta ce, "Ƙanwata, gaya mini, me ya sa?"

Wata za ta ce, "Yayata ta shiga ɗakin nan, gawarta aka fito da ita." Wannan tsoro ne. Maganinsa bayani a natse: me za a yi, wa zai yi, an tanadi jini ko ba a tanada ba.

Wata za ta ce, "Maigidan ya yi tafiya, ba zan sa hannu ba da izininsa ba." Wannan waya take bukata, a kira shi yanzu, likita ya yi masa magana da kansa. A kuma sanar da ita cewa a doka sa hannunta ya isa.

Wata za ta yi shiru, sai hawaye. Da ƙyar za ta ce, "Ba mu da kuɗin." Wannan ba ta ƙi ba sam. Sai a nemi sashen taimakon marasa ƙarfi, a nemi dangi.

Wata kuwa gorin kishiya da dangin miji take gudu, kada a ce raguwa ce, ta kasa haihuwa da kanta. Wannan sai a jawo uwar mijin gefe, a ce, "Hajiya, ran jikanki da na uwarsa ne a hannunmu, ki taya mu lallashinta."

Kun ji mata huɗu. Duka "a'a" suka ce, amma kowace da abin da ya kamata a yi mata. Likitan da ya tsaya a kan "ta ƙi" zai ce ya mutunta zaɓinta. Ni a ganina bai mutunta ba, don bai san ko zaɓinta ne ba, ko zaɓin talauci, ko na tsoro.

Akwai kuma wanda za a saurara, a yi masa bayani, ya fahimta sarai, kuma ya tsaya a kan bakansa. Shi ma yana da haƙƙi. A 2001, Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukunci a shari'ar wani likita mai suna Okonkwo, wanda majinyaciyarsa ta ƙi ƙarin jini saboda addininta. Kotun ta ce baligi mai cikakken hankali yana da ikon ƙin magani, ko da ƙin zai kai shi ga rasa rai. Hukunci ne mai nauyi. Nauyinsa ne ma ya sa dole a tabbata daga zuciyar mutum ƙin ya fito.

Na san abin da ma'aikatan lafiya da ke saurarenmu za su ce. "Malam, ka ga layin da ke ƙofata kuwa? Ina lokacin hira?" Gaskiyarku. Likita ɗaya, mutane cike da baranda, wani tun asuba. Ba na raina wannan gajiya. Amma ku ji wani bincike da aka yi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, aka buga a 2002. Aka ce wa likitoci su bar majinyaci ya yi magana ba katsewa. A matsakaici, sakan 92 mutane suka yi suka gama. Kusan takwas cikin goma sun gama kafin minti biyu. Mutanenmu na da kunya da kara, sukan yi kewaye kafin su zo kan magana, don haka a nan zai iya ɗara hakan. Duk da haka, minti biyu ko uku na yau sun fi dawowar Baba mai gadi sau uku da jinin da bai sauka ba, ko a kawo shi ranga-ranga da shanyewar ɓarin jiki.

Kashi na ƙarshe: amana.

Wanda ya buɗe maka cikinsa ya ba ka amana. Matar da ta faɗi abin da ke tsakaninta da mijinta, saurayin da ya faɗi abin da yake sha a ɓoye, ba su faɗa don a ji a majalisa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin majinyaci sirri ne. Ba a fitar da shi sai a wasu 'yan halaye, kamar da yardarsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko doka, ko in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. A ƙaramin gari, inda nas maƙwabciyar gwaggonka ce, magana ɗaya da ta fita ta isa ta hana mata goma faɗin gaskiya gobe. Haka masu ɗaukar hoton marar lafiya a gado su sa a Facebook ko WhatsApp don neman taimako. Niyyar mai kyau ce. Amma an tambaye shi? Ya yarda duniya ta ga jikinsa a wannan hali? Kuɗin za su ƙare, hoton yana nan.

Sai gargaɗi ɗaya. Labari ba ya maye gurbin gwaji. Mai tallan magani da lasifika a tasha shi ma labari yake bayarwa: wane ya sha ya warke, wance ta sha ta haihu. Wannan labarin talla ne, ba shi muke nufi ba. Muna nufin labarinka kai, a gaban wanda ya san aiki, ya haɗa shi da awo da gwaji.

To, ku da za ku asibiti gobe, ga naku. Tun a gida ka tsara abin da za ka faɗa, ka fara da wanda ya fi damunka. Kada ka bari sai ka miƙe za ka fita ka ce, "Af, likita, akwai kuma wani abu." Ka tafi da kwalayen magungunan da kake sha. In ka sha jiƙo, ko sassaƙe, ko rubutu, ko ka karɓi allura a kemis, ka faɗa. Wasu magungunan ba sa haɗuwa, kuma likita ba zai sani ba sai ka gaya masa. In kana da ciwon suga kuma kana niyyar azumi, ka faɗa tun kafin watan ya kama, a gyara maka lokutan shan magani. In kuɗin ba za su isa ba, ka ce ba za su isa ba. Wannan ba abin kunya ba ne a ɗakin likita.

Ku kuma masu rakiya, maigida, yaya, uwar miji, da ku nake. Sau da yawa likita na tambayar mace ina ke mata ciwo, sai mai rakiya ya amsa. Ku bar ta ta faɗa da bakinta. In kun ga tana sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, ku ce za ku ɗan fita ku sayo ruwa, ku ba ta wuri. Akwai abin da 'ya ba za ta faɗa a gaban mahaifinta ba, akwai wanda suruka ba za ta faɗa a gaban uwar mijinta ba. In likita ya gama da ita, zai kira ku ya ji naku.

Lokacinmu ya cika. Na kwance a asibiti da na kwance a gida, Allah ya tashi kafaɗunku.